KITSEN JINI DA MATASAN ƘASAR GAZAWA: Rabin maganin yana cikin rumbu

Duk wanda ya bi hanyar kwalta mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Rumji, ta wuce Maraɗi da Cadawa da Agiye da Gazawa kafin ta nufi Tasawa da Damagaram, zai ga abu biyu a ranar kasuwa. Zai ga manyan motoci ana yi musu lodin buhunan wake da riɗi da aya da gyaɗa, za a tafi da su birane da ƙetaren iyaka. Zai kuma ga waɗansu motocin ana sauke jarkokin mai, da katan-katan na taliya, da sukari, da madarar gwangwani. Ciniki ne na halal, kuma da shi garuruwan nan suke rayuwa. Sai dai idan aka dubi wannan musanya da idon likita, za a ga cewa abin da ke fita yana cikin abincin da ya fi kare jijiyoyin jini, wani sashe na abin da ke shigowa kuma yana cikin abin da ya fi toshe su. Waɗanda abin ya fi shafa su ne matasa, domin su ne suka fi saurin sake abinci, su ne kuma ke da doguwar tafiya a gabansu.

Mene ne kitsen jini?

Abin da likitoci ke kira kolesterol, wani irin maiƙo ne mai kama da kakin zuma wanda ke yawo cikin jinin kowane ɗan Adam. Ba guba ba ne. Jiki yana bukatarsa domin gina fatar ƙwayoyin halitta, da haɗa matsarmama mai narkar da abinci, da haɗa waɗansu sinadarai masu tafiyar da girma da haihuwa. Hanta ce ke ƙera mafi yawansa, wajen kashi uku cikin huɗu. Sauran yana shigowa ta abincin da aka samu daga dabba, wato nama da kayan ciki da ƙwai da madara. Wani masani Bafaranshe mai suna Chevreul ne ya raɗa masa suna a farkon ƙarni na 19, bayan ya bincika tsakuwar matsarmama.

Tun da mai ba ya gauraya da ruwa, kolesterol ba ya iya tafiya cikin jini shi kaɗai, sai an ɗauke shi. Masu dakonsa iri biyu ne. Na farko, wanda ake rubutawa LDL a takardar awo, yana ɗauko shi daga hanta ya kai shi sassan jiki. Idan ya yi yawa, sai ya riƙa zubar da kayansa a bangon jijiyoyi. Na biyu, HDL, yana kwaso ragowar ya mayar da ita hanta. Saboda haka ake ce wa na farko mugu, na biyu kuma nagari. Akwai kuma wani maiƙon da ake aunawa tare da su, tirigiliserid, wanda yawan sukari da giya da ƙiba ke ɗagawa.

Mai lambu a Gulbin Maraɗi ya san abin da ke samun tiyon ban ruwa idan laka ta daɗe tana kwantawa a ciki: ruwa ya ragu, ya ragu, wata rana ya ɗauke. Haka jijiya take. Maiƙon yana kwantawa cikin bangonta shekara da shekaru, hanyar ta ƙuntata. Wata rana tudun ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe gaba ɗaya. In jijiyar zuciya ce, sai a ji an ce wane ya dafe ƙirji ya faɗi. In ta ƙwaƙwalwa ce, sai shanyewar ɓarin jiki, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum wajen miliyan 18 a shekarar 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan duniya ke nan, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali.

Me ya kawo matasa cikin zancen?

Jama'a da yawa suna ɗauka cewa wannan ciwon tsofaffi ne da alhazan birni. Binciken likitoci ya nuna cewa ginin yana farawa da wuri. A shekarar 1953 likitocin sojan Amurka suka bayyana abin da suka gani a gawarwakin sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya. Matsakaicin shekarun samarin nan 22 ne, majiya ƙarfi ne, amma a kashi 77 cikin 100 nasu an tarar maiƙo ya riga ya fara kwantawa a jijiyoyin zuciya. Abin da ke kayar da mutum yana ɗan shekara 50, sau da yawa tun yana ɗan 20 aka aza harsashinsa. Lissafin kamar na bashi ne: yawan kitsen a ninka shi da yawan shekarun da ya yi cikin jini.

Abin da ya ƙara sa cutar ta zama mai haɗari shi ne rashin alama. Ba ta sa zazzaɓi, ba ta sa ciwon kai, ba ta hana cin abinci. Saurayi yana iya yin kokawa ya kayar da abokin karawarsa alhali awonsa ya wuce ƙima. Ƙiba tana ƙara haɗari, amma siriri ma bai tsira ba. Akwai kuma na gado: a duniya, kimanin mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300 ana haihuwarsa da hantar da ba ta iya kwashe LDL daga jini yadda ya kamata. Masana biyu na Amurka, Brown da Goldstein, su suka gano dalilin wannan, aka ba su kyautar Nobel a 1985. Irin wannan mutum awonsa yana sama tun yana yaro. Gidan da uba ko wa ya yi mutuwar farat ɗaya ko ciwon zuciya kafin shekara 55, ko uwa ko ya kafin 60, ya kamata ƴaƴan gidan su je awo ko da lafiyarsu ƙalau. Haka nan wanda ya ga rawayen tabo mai taushi a fatar idonsa, ko ƙulli a agarar diddigensa.

Abin da ya sake a ƙasar

Gundumomin Agiye da Gazawa, waɗanda a da ɗaya suke kafin a raba su a 2011, da gundumar Gidan Rumji, ƙasar noma ce. Abincin kakanni sananne ne: fura da nono da rana, tuwon hatsi ko dawa da dare, miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa, wake, kwaɗon ganye da ƙuli-ƙuli. Nama sai ranar kasuwa ko suna ko salla. Mai kuwa da ɗan cokali ake auna shi. Mutum ya wuni da hauya a gona, ko ya taka kilomita goma zuwa kasuwa, mace ta yi daka ta ja guga. Abin da aka ci, an ƙone shi kafin rana ta faɗi.

A ɗauki misalin matashin yau a garin Gazawa ko Agiye, ma'aikacin biro ne, ko mai shago, ko ɗan kabu-kabu. Da safe ya zauna teburin mai shayi: burodi da bota ko mayones, ƙwai soyayye cikin mai, shayi da madarar gwangwani mai zaƙi. Da hantsi ƙosai ko fanke. Da rana shinkafa ko taliya da mai yana kwance a kai. Da yamma a fada, butar shayi tana kan gawayi, zagaye uku, kowane da sukarinsa. Da dare tsire ko balangu, a ce wa mai nama ya haɗa da kitse. Tsakanin wannan da wancan kuwa, ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba sai daga ƙofa zuwa babur. Babu ɗaya daga cikin abincin nan da ke kisa a rana ɗaya. Maimaita su kullum har shekara 20, shi ne matsalar.

Al'ada ma tana taimaka wa cutar. In saurayi ya sami aiki ya ajiye tumbi, sai a ce ya ji daɗi, hutu ya karɓe shi. In amarya ba ta yi jiki ba, sai a zargi mijinta da rowa. Har akwai ƴan mata masu sayen ƙwayoyin ƙiba wurin masu tallar magani a faranti. Waɗansu daga cikin ƙwayoyin nan magungunan asibiti ne masu ƙarfi, na dangin kortizon, kuma shansu ba bisa umurnin likita ba yana ɗaga sukari da kitsen jini, yana kawo hawan jini.

Mai da mai ba ɗaya ba ne

Abin da ya fi ɗaga LDL a jini shi ne irin maiƙon da likitoci ke kira cikakken kitse, wanda galibi ake gane shi da daskarewa in ya huce ko lokacin ɗari. Shi ne ke sa hanta ta rage kwashe LDL daga jini. A man shanu, ya kai wajen kashi 60 cikin 100. A kitsen rago da na sa, wajen rabi. A man ja, wajen rabi shi ma. A man gyaɗa na ainihi bai kai kashi 20 ba, a man riɗi kuma wajen kashi 15 ne. OMS tana ba da shawarar kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini.

A nan akwai abin lura ga mutanen jihar Maraɗi. Wannan ƙasa ita ce cibiyar gyaɗa, wadda a nan aka fi sani da gujiya. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin cinikinta, a lokacin akwai kuma masana'antar matse mai ta SICONIGER a Maraɗi, kuma a wancan zamani gyaɗa ce kan gaba cikin abin da Nijar ke sayarwa waje. Farin shekarun 1973 da 1974, da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, suka karya wannan noma. A hankali man da ake shigowa da shi daga bakin teku da ƙasashen Asiya ya cika kasuwa. Mafi yawansa man ja ne da aka tace aka cire masa launi. Mai saye yana ganinsa garai-garai sai ya kira shi man gyaɗa, alhali ba gyaɗa a cikinsa. Wanda ya iya karatu ya duba takardar da ke jikin jarka ko kwalba: in an rubuta "palme", to, daga kwakwar man ja aka yi shi. Haka nan garin madara mai arha da ake aunawa a leda: da yawa daga cikinsa an cire masa man nono an mayar da na ja.

Akwai wani kitse da ya fi wannan sharri, wanda masana'antu ke samarwa idan suka daskarar da man itatuwa domin yin waɗansu irin bota da biskit. Yana ɗaga LDL, yana kuma sauke HDL. A 2018 OMS ta kira ƙasashe su kawar da shi daga abinci, kuma Nijeriya, wadda kayanta ke cika kantunan yankin, ta kafa dokar taƙaita shi a 2023. Man suya da aka maimaita har ya yi baƙi yana kumfa, shi ma ya lalace, bai kamata ya shiga ciki ba.

Game da ƙwai kuwa, a yi adalci. Ƙwai ɗaya yana da kolesterol wajen miligram 190, amma abinci ne mai gina jiki, kuma ga mafi yawan mutane ɗaya a rana ba ya ɓarna. A dafa shi ya fi a soya shi. Ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta su ne masu kolesterol da yawa, ƙwaƙwalwa ta fi duka. Wanda awonsa ya hau ya ɗaga musu ƙafa. Bayan babbar salla, lokacin da ake soya naman layya a ajiye shi cikin kitsensa, a tsame naman a bar kitsen.

Abin da ke cikin rumbu

Tsiro ba ya ɗauke da kolesterol. Bugu da ƙari, waɗansu tsirrai suna da wani irin zare mai yauƙi wanda ke kama matsarmama cikin hanji ya fita da ita. Sai hanta ta koma ta ɗebi kolesterol daga jini domin ta haɗa sabuwa, ta haka awo yake sauka. Wake yana da wannan zare, haka kuɓewa da kuka. Yauƙin miyar da waɗansu ƴan boko ke rainawa, aiki yake yi. Kwano ɗaya na dafaffen wake kowace rana yana rage LDL kaɗan amma tabbatacce, kuma yana maye gurbin nama. Dafa shi ko yin ɗanwake da ɗan mai kaɗan ya fi soya shi ƙosai.

Hatsi da dawa sun fi farar shinkafa da taliya da burodi, musamman in ba a surfe su har sun rasa dusarsu duka ba. Zogale, wanda lambunan Gulbin Maraɗi suka shahara da shi, da tafasa da rama da yakuwa, ana iya kwaɗa su da ƙuli-ƙuli. Gyaɗa da riɗi, cikin hannu ɗaya a rana, mai ne nagari, muddin ba a lulluɓe su da sukari ba. Ayar Cadawa da Agiye tana da zare da mai irin na gyaɗa. Goribar Gulbin Kaba, da magarya, da mangwaro da gwaba a lokacinsu, sun fi biskit da alewa. OMS tana so babba ya ci gram 400 na ganye da ƴaƴan itatuwa a yini. Nonon da aka kaɗe aka cire mansa, wanda Fulani ke kawowa, shi ya dace da fura. Kifi da kaza da zabo, a cire fata, sun fi jan nama mai kitse.

Sukari ma a yi masa linzami. Kwalbar lemon kanti ta santilita 33 tana ɗauke da wajen gram 35 na sukari, kusan ƙwaya bakwai ke nan. Gishiri kada ya wuce gram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya, wajen rabinsa gishiri ne, daddawa kuwa tana ba da ɗanɗano ba tare da wannan nauyi ba. Gishiri ba ya ƙara kolesterol, amma yana kawo hawan jini, wanda ake ce wa tansiyo, kuma idan biyun suka haɗu a jijiya ɗaya, ɓarnar ta ninku.

Kada a ɗauka cewa sake abinci ƙaramin abu ne. A lardin Kareliya ta Arewa, cikin ƙasar Finlan, manoma da masu saran itace sun kasance suna mutuwa da ciwon zuciya tun da ƙuruciyarsu, saboda yawan man shanu da gishiri da taba. A 1972 hukuma da likitoci da ƙungiyoyin mata suka tashi tsaye: aka koma man itatuwa, aka ƙara ganye, aka yaƙi taba. Cikin shekara 40 mutuwar ciwon zuciya tsakanin maza masu shekarun aiki ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

Ƙafa, taba da awo

OMS ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Manomi da mai daka sun wuce wannan tun kafin azahar. Ma'aikacin biro da mai shago da direba su ne ke da bashi. Tafiya da sauri har a ji numfashi ya ƙaru, hawan keke, ƙwallo, langa, ko komawa gonar gida da damina, duk sun isa. Wanda ke tsakanin gida da biro kilomita ɗaya, ya bar babur ya huta. Taba sigari da shisha suna ƙona bangon jijiya su sauke HDL. Barinsu shi ne babbar kyautar da matashi zai yi wa zuciyarsa.

Ba a sanin kitsen jini sai da awo. Mutum ya je gidan likita mafi kusa, ma'aikacin lafiya ya auna masa tansiyo da nauyi, ya rubuta masa takarda, ya faɗa masa inda ake awon, a asibitin gunduma ko a Maraɗi. Galibi akan nemi a zo da safe ba a ci komai ba tun daren jiya, ruwa kaɗai. Ana so jimillar kolesterol ta kasance ƙasa da gram 2 cikin lita ɗaya ta jini, HDL ya wuce gram 0,40, tirigiliserid ya kasance ƙasa da gram 1,50. Iyakar LDL kuwa likita ne ke yanke ta bisa halin kowane mutum: mai ciwon sukari ko hawan jini, tasa iyakar ta fi ta sauran ƙasa. Likita zai kuma duba ko wata cuta ce ta ɗaga awon, kamar ciwon ƙoda ko raunin maƙoƙo.

Idan awo ya hau, akan fara da gyaran abinci da motsa jiki wata uku, sannan a sake aunawa. Gyaran yakan sauke LDL da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Ga mutane da yawa wannan ya isa. Ga mai na gado kuwa bai isa ba, sai an haɗa da magani. Akwai ƙwayoyin da ake kira statin, waɗanda wani masanin Japan, Akira Endo, ya gano asalinsu cikin furfurar shinkafa a 1973, aka fara sayar da na farkonsu a Amurka a 1987. Suna rage aikin hanta na ƙera kolesterol. Likita ne ke rubuta su, kullum ake shan su, kuma mace mai ciki ko mai niyyar ɗaukar ciki ta sanar da likita tukuna. Mai lasifika a kasuwa da ke tallar garin da ke wanke kitse cikin kwana uku, ba ya da abin awo, ba ya kuma nan ranar da mutum ya faɗi.

Gargaɗi ga iyaye da ma'aikata

Wannan bayani na manya ne masu ƙoshi da ƙarancin aikin ƙarfi. Jihar Maraɗi ba ta manta da yunwar 2005 ba, kuma tamowa tana cikin manyan cututtukan yaran yankin. Yaro ƙarami, da mace mai ciki, da mai shayarwa, da manomin da ke fama da ƙarancin abinci tsakiyar damina, suna bukatar mai da ƙwai da madara da hanta. Kada uwa ta karanta wannan shafi ta hana ɗanta cokalin mai a kununsa. A gida ɗaya ana iya samun maigida mai tumbi da yaro mai tamowa. Tsokar da ta yi wa uban yawa, ɗan ne ke bukatarta.

Sauran aikin yana hannun masu faɗa a ji. Malaman yaƙi da jahilci suna iya koya wa ɗalibansu karanta takardar jikin jarkar mai, darasin karatu ne kuma darasin lafiya. Masu shirya taro a ma'aikatu suna iya ajiye ruwa da gyaɗa da ƴaƴan itatuwa maimakon lemon kwalba. Ƙungiyoyin mata masu matse man gyaɗa a garuruwan yankin sun cancanci ciniki da tallafi, domin kuɗin ya tsaya a gida, man kuma nagari ne. Manomi kuma, kafin ya ɗora buhun wakensa na ƙarshe a mota, ya ware tiyoyin da iyalinsa za su ci har kaka ta zagayo. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matashin da ya auna jininsa yana ɗan shekara 25, ya gyara kwanonsa, ya saba wa ƙafarsa tafiya, yana da kyakkyawan zaton ya ga jikokinsa yana tsaye da ƙafafunsa. Allah ya ba da lafiya.